Jinin Da Ƙaho Ba Ya Jawowa

Sandamu,
Farkon watan Rajab.

Zuwa ga Uwata Zinariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da sauran mutanen Damagaram. Yaya nauyin jiki? Allah Ya raba lafiya, Ya sauke ki cikin sauƙi. Mu nan sai godiyar Allah.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannun Dabo wanzami, mutumin da ya fi sabawa da aska a kan alƙalami. Innarki ce ta jawo. Duk ranar da kika bugo waya sai ta zo ta tsaya a kaina, kafin in gama amsa sallama ta warce, ta ce miki lafiya lau. To ba lafiya lau ba ce, sai dai kuma ba abin tayar da hankali ba ne. Kalilu direba zai bi ta Kongolam gobe, shi ne na ce bari in ba shi ya kai miki gaskiyar magana.

Zazzaɓin nan da ta yi watan jiya, wanda muka ce miki mura ce, korona ce. Ni da nake cika baki a majalisa cewa ciwon masu hawa jirgi ne, sai ga shi har ƙuryar ɗakina. Kin san yadda aka gane? Ta haɗa turaren wuta ta zuba a kasko, ƙamshi ya cika gida har maƙwabta suna leƙowa, ita kuwa ta ce ba ta jin komai. Matar da duk garin nan an manta sunanta na yanka, sai dai Maiturare! Ranar ta yi kuka sosai. Yayanki Abbas ne ya matsa aka tafi Daura aka gwada, aka ce ita ce. Suka ce ta killace kanta a ɗaki. Ta daɗe a kwance, ko tsakar gida ba ta fitowa, ni nake miƙa mata kunu ta bakin ƙofa tana yi mini tsiya wai na cika masa tsamiya.

Yanzu zazzaɓi ya tafi, tari ya tafi, har ta fara faɗa da kaji, kin ga kuwa sauƙi ya samu. Abu ɗaya ya rage. Ƙafarta ta hagu ta kumbura daga sha-raɓa zuwa idon sawu, ta yi zafi, in ta taka sai ta cije leɓe. Abbas ya ce a koma asibiti. Na ce da shi kai tafi can, yaron da na yi wa kaciya da hannuna shi zai koya mini jini? Wannan mataccen jini ne ya taru saboda kwanciya, na ga irinsa ba adadi tun ina riƙe wa kakanki zabira. Kullum da yamma ina yi mata tausa da man shanu, tana jin daɗi har ta yi gyangyaɗi. Jibi in Allah Ya kai mu zan kafa mata ƙaho a wurin, in zuƙe shi, a wuce wajen.

Saboda haka kada ki ce za ki taso da wannan tsohon cikin. Ki zauna a ɗakinki. In kin bugo waya kuma kada ki nuna mata na faɗa miki, kin san halin kayarki.

Ki gaishe da maigidanki da surukanki. Allah Ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki,
Dabo Wanzami.


Katsina,
Tsakiyar watan Rajab.

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da abin da ke jikinki. Kafin ki karanta sauran, ki fara sanin wannan: Innarki tana da rai, tana magana, ɗazu ma ta sha fura. To yanzu zauna.

Daga asibiti nake rubuto miki, a kan benci. Ranar da na faɗa miki, da hantsi na yi mata tausa mai kyau don jinin ya taso, na yi tsaga na kafa ƙaho. Jini ya fito, na nuna mata, muka yi hamdala. Da la'asar ta miƙe za ta yi alwala, sai na ji buta ta faɗi. Na fito na same ta durƙushe, ta dafe ƙirji, numfashi sama-sama kamar wadda aka biyo da gudu. Na kama hannunta, jijiyar tana harbawa da saurin da ban taɓa ji a jikin mutum ba. Leɓɓanta suka canza. Ta kalle ni tana son magana, iska ta ƙi isarta. Uwata, na sha ganin jini, na sha ganin suma, ban taɓa rikicewa ba sai ranar. Hular kaina ma ban san inda ta faɗi ba.

Abbas ya samo mota muka yi Daura. Suka sa mata iskar oksijin, suka ce a wuce Katsina. Duk tsawon hanyar yaron nan bai ce mini ai na faɗa maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

A nan wata likita ce ta karɓe mu, Dakta Siddiƙa, ba za ta girme ki da yawa ba. Da ta ga shaidar ƙaho a ƙafar ta tambaya wa ya yi. Na ce ni ne, kuma ni ne mijinta, sana'ar gidanmu ce. Na shirya jin faɗa. Maimakon haka sai ta jawo kujera ta ce Baba zauna. Ta ce a abu ɗaya na yi gaskiya, jini ne ya daskare. Amma ba a ƙarƙashin fata yake ba, yana can ciki, a babbar jijiyar da ke tsakiyar tsoka, inda ƙaho ba ya kaiwa. Ta ce ita korona ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Tana taɓa jijiyoyin jini ta ciki, su ƙuje su kumbura, jinin kansa kuma ya riƙa saurin kamawa yana yin gudaji kamar kunun da ba a dama da kyau ba. Ga doguwar kwanciya a kai. Wani ma bayan ya warke ne abin ke fito masa, wani a ƙafa, wani a ƙwaƙwalwa, wani kuma naman zuciyar ne yake kumbura. Na Innarki gudan ya ɓalle daga ƙafa, jini ya ɗauke shi ya ratsa ta zuciya, ya je ya tokare hanyar huhu. Zuciya tana turawa, hanya a toshe, shi ne ta galabaita.

Na tambaye ta gaba-gaɗi, tausar da na yi ce ta ɓalle shi? Ta ce yana iya ɓallewa da kansa ko ba a taɓa ba, ba mai iya rantsuwa, amma irin wannan ƙafa ba a matsa ta. Ta faɗa da tausasawa. Ni dai na ji abin da na ji.

Suka shafa mata wani abu a ƙirji suka ɗora na'ura, sai ga zuciyar Innarki a allon talabijin. Likita tana nuna mini ɓangaren dama da ya buɗe saboda wahala, ni kuwa ba na ma jin ta. Tun muna da ƙuruciya nake tare da matar nan, sai ranar na ga abin da idona. 'Yar ƙarama ce, Uwata, tana ta fama ita kaɗai, ba ta tsaya ba. Na juya na kalli bango don kada Abbas ya ga fuskata.

Sun sa ta a kan maganin tsinka jini, da farko allura, yanzu ƙwaya, kuma za ta yi watanni tana sha. Likita ta ja mini kunne: muddin tana kan maganin nan, ba ƙaho, ba tsaga, ba abin da zai fitar da jini. A raina na ce kayya, 'yan boko da tsoro. Sai washegari aka buɗe ƙafar. Tsagar da na yi, wadda a hannuna ba ta wuce yini ta kame, tana nan tana tsattsafowa, auduga ta jiƙe, an canza ta sake jiƙewa. 'Yan tsaga ƙanana ke nan. Gani ya kori ji.

Ita kuwa da bakinta ya buɗe, abin da ta fara tambaya shi ne wa ya rufe mata kaji. Ki yi mata addu'a, ni ma ki sa ni a ciki.

Mahaifinki,
Dabo.


Sandamu,
Watan Sha'aban.

Uwata Zinariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso, da dabinon da cukwin, an gode Allah Ya yi albarka. Yaya ƙarfin jiki? Na ji kin ce ƙafafunki su ma suna kumbura. Ki je ki nuna a asibiti, kada ki bari kowa ya matsa miki su, ko da surukarki ce. Ji wai yau ni ke faɗar haka.

Mun dawo gida. Ƙafar ta saɓe da yawa. Sai dai zuciyar ba ta koma daidai ba tukuna. In ta taka daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta dafa bango tana haki, wani lokaci tana zaune gabanta ya riƙa bugawa ba dalili. Likita ta ce haka abin yake, a hankali zai daidaita, mu riƙa komawa ana dubawa. Ni nake ba ta ƙwayar da hannuna kowace safiya.

Matsalar da ta sa na ɗauki alƙalami daban ce. Kin san duk shekara in zafi ya shigo nakan kafa mata ƙaho a ƙeya da kafaɗu. Tun tana amarya ba mu taɓa tsallakewa ba. Bana zafin ya zo da ƙarfi, kanta na sarawa, wuyanta ya riƙe, ta ce in ɗauko zabira. Na ce a'a. Ta ɗauka wasa nake, ta yi dariya ta ce ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa, asibiti ɗaya ya firgita ni. Na sake cewa a'a. Na yi mata bayanin maganin, na tuna mata audugar nan. Ta ce ita ba ta ga wata auduga ba, lokacin ba ta cikin hayyacinta. Ta ce ƙaho sunna ne. Na je na tambayi liman, ya ce sunna ne, amma tsare rai yana gaba. Na kawo mata, ta ce ai liman ba shi ke ɗauke da kan ba.

Shekaranjiya ta faɗi maganar da ta hana ni sukuni. Ta ce ina yi wa mutanen gari, ina yi wa Fulanin da ke zuwa kasuwa, ita kaɗai nake ƙyamar jininta. Ta ce ko dai likita ta gaya mini wani abu a ɓoye ne, na ga mutuwa a jikinta shi ya sa na janye hannuna. Wallahi tallahi, Uwata, da ta mare ni da ya fi. Na rantse mata, ta juya mini baya. Yanzu abinci sai ta aiko mini da shi zaure, hira ta ɗauke, in na yi mata sannu ta amsa da ka. Ƙwayar ma sai na tsaya a kanta.

Ba na jin haushinta. Mace ce da ba ta taɓa yarda da hannun kowa ba sai nawa, ni na koya mata haka. Jiya tana kuka da ciwon kai, na ga hannuna ya nufi inda zabira take rataye ban sani ba. Sai na ɗauke ta na kai shagon Abbas, can take kwana yanzu.

Abin da nake tsoro shi ne ta ce tunda na ƙi, garin ba ni kaɗai ne wanzami ba, za ta aika a kira Hamma. Kin san Hamma, ɗan ƙanen kakanki, hannunsa da nauyi, tsagarsa da zurfi. Ni kuwa dole in fita, yau suna, gobe kasuwar Dutsi, ba zan zauna gadinta ba. Ƙaho a ƙeya da wannan magani a jiki, ga nisan asibiti, bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne. In kin bugo waya ki lallashe ta, amma kada ki ce ina da gaskiya, nan take za ta kashe.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Mahaifinki,
Dabo.


Sandamu,
Ƙarshen Sha'aban.

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata kina lafiya, kuma watan da ke tafe zai same ki cikin sauƙi. Abbas ya ce kin bugo kina kuka, wai wani ɗan kasuwa ya kai muku labari cewa na tozarta kaina a gaban jama'a. Share hawayenki. Ga yadda aka yi, daga bakina.

Na yi tunanin in je in sami Hamma shi kaɗai. Sai na ga in ya ƙi, za ta aika Dutsi, in na Dutsi ya ƙi ta aika Zango wajen wanzamin gidan yayarta. Kin san Innarki in ta sa abu a gaba. Kuma a al'adarmu wanzami ba ya shiga gidan da wani ke yi wa aiki, amma in aka ce maigidan ne ya gaza, ko yana ƙyuya, kowa zai ga taimako ne ya yi. In kuwa na ce musu likita ce ta hana, dariya za su yi, kamar yadda ni ma na yi. Ba abin da zai tsayar da su sai gaskiyar gaba ɗayanta.

Ranar kasuwa, a gindin bishiyar da muke zama, Sarkin Aska yana nan, wanzaman ƙauyuka sun hallara, ga masu jiran aski a kan tabarmi. Na cire hulata na durƙusa a gabansa, ni da muke sa'anni. Na ce ranka ya daɗe, ina da magana, kuma ina so kowa ya ji. Na ce akwai jinin da ƙaho ba ya jawowa. Na ce na ga kumburi a ƙafar matata bayan ciwon nan, na ɗauka na san shi, na matsa na tsaga, da la'asar saura ƙiris in kai ta kushewa da hannuna. Na gaya musu abin da likita ta ce game da jijiyoyi, da maganin da ke hana jini tsayawa. Na ce duk wanda aka kawo masa ƙafa ɗaya mai kumburi da zafi, ya tura asibiti. Sannan na roƙe su don Allah don Annabi, duk wanda Maiturare ta aika masa, ya ce ba ya nan. Abin da ɗan kasuwar ya gani ke nan.

Wasu sun yi dariya ƙasa-ƙasa, na ji wani yana cewa Dabo ya zama ɗan koren asibiti. Wani tsoho da ke jiran in yi masa ƙaho ya naɗe rigarsa ya koma layin Hamma. Har yau akwai gidajen da tun zamanin kakanki mu ke yi musu aiki, an yi suna ba a kira ni ba. Ba zan ce miki bai yi mini ciwo ba. Sarkin Aska dai ya ce ya ji, kuma ya ɗaure kowa da maganar.

Ita ba ta san an yi haka ba. Ta aika wa Hamma, aka ce ya tafi ƙauye. Ta aika Dutsi, aka ce hannun mutumin na ciwo. Ta aika Zango, shiru. Sai ta sa mayafi, da hakinta da komai, tana tafiya tana hutawa, ta je ta tsare Hamma a ƙofar gidansa. Shi kuwa ba ya iya ƙarya ido da ido. Ya zayyana mata komai, har durƙuson, har hular, har abin da ya biyo baya.

Da na dawo bayan la'asar na tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ba a zaure ba. Tana zaune, idonta ja wur. A raina na ce shi ke nan, yau kashina ya bushe. Na zauna nesa kaɗan. Can ta ce, "Malam, a gaban su Hamma ka durƙusa?" Na ce e. Ta ce, "Ka ce musu kai ka kusa kashe ni?" Na ce ai haka aka yi. Sai ta fashe da kuka, tana yi tana faɗa, wai wa ya aike ni, wai mutum ya yi shekara da shekaru yana gina suna ya je ya zubar a kasuwa saboda tsohuwa. Na ce tsohuwar ce ba ni da wata.

Ta share fuska da gefen zane. Ta ce ba ta ƙara maganar ƙaho sai ranar da likita ta ce an gama maganin, kuma ranar ni zan yi, ba wani ba. Sannan ta ce ranar kasuwa mai zuwa in nemo mota in kai ta gindin bishiyar nan. Na ce ki yi me a cikin maza? Ta ce, "In gaya musu ni na miƙo maka ƙafar."

Na ce ba za ta ba. Ta ce za ta. Har yanzu muna kai, kuma kin san wanda ke cin irin wannan gardama a gidan nan.

Tana gaishe ki, tana nan kusa da ni tana cewa in rubuta miki lafiya lau. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Dabo Wanzami.